Fasahar tunani da ƙirƙirarriyar basira: tambayoyin da ake yawan yi

Tun da bidiyon wani hannun inji mai sharar jan ruwa ya zaga wayoyin jama'a, hotunan da manhaja ke zanawa kuma suka cika Facebook, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa daga ɗaliban zane, 'yan jarida da masu bibiyar harkar kwamfuta. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya. Ana iya karanta kowace amsa ita kaɗai, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Wai mece ce fasahar tunani tun da fari?

Reshe ne na fasahar zane da sassaƙa inda tunanin da ke bayan aiki ya fi abin da ido ke gani nauyi. Ba lallai mai yin ta ya iya riƙe burushi ba. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya ajiye wani abu, ko ya shirya wani yanayi, da zai sa mai kallo ya sake duba abin da ya ɗauka ya riga ya sani. Akan kai asalinta ga Bafaranshen nan Marcel Duchamp, wanda a 1917 ya sayo kaskon fitsari na banɗakin maza, ya sa masa hannu da sunan bogi, ya aika da shi wani baje kolin masu zane a New York. Ba a baje shi ba, amma tambayar da ya tayar ta ƙi kwanciya: wa ke yanke cewa wannan fasaha ce, wancan kuma tarkace?

Sunan ya kafu ne a shekarun 1960. A 1967 Ba'amurke Sol LeWitt ya rubuta cewa tunani shi ne injin da ke yin aikin. Shi kansa umarni kawai yakan rubuta a takarda, wasu su zo su zana a bango. Wanda ya san aikin babbar riga ba zai ga baƙon abu a nan ba: wani ne ke zana aska takwas a jikin yadi, wasu su kwashe makonni suna bin layinsa da allura da zare. Sai dai a wurin LeWitt, takardar umarnin da shaidarta ita ake saye, bangon kuwa ana iya shafe shi da fenti a sake zanawa a wani gari.

Me ya haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira?

Idan fasaha za ta iya zama umarnin da wani zai zartar, to manhajar kwamfuta ma ai umarni ce. Masu fasaha sun gane haka da wuri. A 1968 aka yi babban baje kolin fasaha da na'ura mai suna Cybernetic Serendipity a Landan. A shekarar ne kuma Harold Cohen, mai zane ɗan Birtaniya da ya riga ya yi suna, ya koma Jami'ar California da ke San Diego, inda daga baya ya ƙirƙiri manhajar zane da ya kira AARON. Ya yi ta renon ta sama da shekara arba'in har ya rasu a 2016.

A wancan zamanin abin tambaya shi ne ko na'ura za ta iya zane. Bayan 2010 sai zance ya sauya, domin na'urar ta bar ɗakin gwaji ta shiga ofishin 'yan sanda, banki, kan iyaka da ɗakin kwana. Masu fasaha suka koma tambayar wa ya koyar da ita, da fuskar wa, nawa aka biya shi, kuma idan ta cuci mutum wa zai amsa. Kusan duk aikin kirki da za a ambata a ƙasa, idan ka bi shi har ƙarshe, wani mutum za ka tarar a ɓoye a bayan injin.

Ke nan duk hoton da aka haɗa da manhajar zane irin su Midjourney fasahar tunani ne?

A'a. Abubuwa biyu da suka faru kusa da juna sun isa misali. A 2022 Jason Allen ya ci gasar zane ta bikin baje kolin jihar Colorado da hoton da ya haɗa da Midjourney. Hoto ne mai kyau, ya jawo rigima, amma burinsa cin gasa ne. A 2023 kuwa Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar ɗaukar hoto ta Sony da hoton wasu mata biyu mai kama da na shekarun da, sannan ya fito ya ƙi karɓar kyautar, ya ce manhaja ce ta yi hoton, kuma ya shiga ne don ya gwada ko masu shirya gasa sun shirya wa irin wannan rana. A wurin Eldagsen ƙin karɓar shi ne aikin, hoton tarko ne kawai. Maganar mallakar hoton Allen tana ƙarƙashin tambayar "wa ke da aikin".

Bidiyon injin da ke sharar jini har ya mutu, gaskiya ne?

Injin gaskiya ne, labarin da aka ɗora masa ne ƙari. Sunan aikin Can't Help Myself, ma'ana na kasa hana kaina, na 'yan China biyu, Sun Yuan da Peng Yu. Gidan fasaha na Guggenheim da ke New York ne ya sa aka yi shi a 2016, aka sake nuna shi a babban baje kolin Venice na 2019. Hannun inji ne irin na masana'antar ƙera motoci, ƙirar kamfanin KUKA, an rufe shi cikin ɗaki mai bango garai-garai kamar gilashi, an ɗaura masa abin goge ƙasa. A kewayensa akwai jan ruwa mai kauri da ke malala. Da zarar na'urorin gani da ke sama sun hango ruwan ya wuce iyaka, sai hannun ya janyo shi. Tsakanin haka yana da motsi 32 da aka koya masa, har da masu kama da rawa.

Bayan an gama nuna shi ne bidiyon ya bazu a TikTok da labarin cewa ruwan man jikinsa ne da yake buƙata don ya rayu, ya yi ta fama har ya gaji ya mutu. Injin da lantarki yake aiki, ruwan kuma ruwa ne da aka sa wa launi da sinadarin kauri. Baje koli ya ƙare, aka kashe shi. Bayanin da Guggenheim ya yi ma ya fi karkata ga tsaron kan iyakoki da jinin da ake zubarwa a can. Amma mutane masu ɗimbin yawa sun ga kansu a jikinsa: mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, mai bashin da ya toshe nan can ta ɓalle. Ko masu aikin sun nufi haka ko ba su nufa ba, hawayen da aka zubar wa ƙarfe ya zama wani ɓangare na aikin.

To me ya sa mutum ke tausayin inji?

Domin abu kaɗan ya ishe mu mu ga rai a inda babu. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT da ke Amurka ya fitar da bayanin ELIZA, manhajar hira da ba ta san komai ba sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake rubuta ta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe. Abin ya dame shi har ya koma cikin masu gargaɗi kan na'urar.

A 2014 wasu malaman jami'a biyu a Kanada, David Harris Smith da Frauke Zeller, suka juya tambayar: maimakon ko mutum zai amince da mutum-mutumi, shin mutum-mutumi zai iya amincewa da mutane? Suka haɗa hitchBOT da bokiti da takalman roba, ba ya iya tafiya da kansa, suka ajiye shi bakin titi yana neman a rage masa hanya. Baƙi suka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu daga Halifax har Victoria, wato daga wannan gaɓar Kanada zuwa waccan. Ya zaga Jamus da Holan lafiya. A Amurka mako biyu kawai ya yi, a farkon Agustan 2015 aka tsince shi a Philadelphia an cire masa kai. Jama'a suka yi ta alhini kamar an yi rashi. Abin da aka auna a tafiyar nan halin masu mota ne, shi bokitin bai san an yi ba.

Ina na'ura ke samo hotunan da take koyo da su?

Mafi yawa daga intanet, ba tare da an tambayi masu su ba. Shahararren rumbun hotuna shi ne ImageNet, wanda aka fitar a 2009, mai hotuna fiye da miliyan 14, kowanne da laƙabinsa. Laƙabin kare ko tuffa ba shi da matsala. Amma akwai rukunin mutane mai rassa fiye da 2,800, kuma a cikinsu akwai irin su mashayi, mai ɗan hali, karuwa da zagin ƙabila, an liƙa su a fuskokin mutanen da ba su san hawa ba balle sauka.

A watan Satumban 2019 mai fasaha Trevor Paglen da mai bincike Kate Crawford suka buɗe baje kolin Training Humans a Milan, suka jera irin hotunan da aka shekara da shekaru ana horar da na'ura da su. Suka kuma saki wani shafi, ImageNet Roulette, inda mutum zai ɗora hotonsa na'ura ta ba shi laƙabi. Farar fata da yawa suka sami laƙabin sana'a, suka yi dariya. Baƙar fata da 'yan Asiya da yawa kuwa laƙabin launin fata suka samu, wasu ma zagi tsagwaronsa. Da gangan aka bar shi haka. An daɗe ana rubuta maƙaloli kan son zuciyar na'ura ba wanda ya kula, sai ranar da ta zagi mutum da hoton da ya ɗauka da hannunsa. Abin da ya biyo baya yana cikin amsar "sun taɓa canza wani abu".

Su wane ne ke liƙa waɗannan laƙubban?

'Yan ƙwadago a gaban kwamfuta, ana biyan su kan kowane dannawa. Na ImageNet an ɗauke su ne ta dandalin Amazon Mechanical Turk. Sunan kansa tonon asiri ne: a 1770 Wolfgang von Kempelen ya nuna wani mutum-mutumi sanye da rawani irin na Turkawa mai buga wasan dara na ches, yana cin manyan Turai, ashe gwani ne a ƙudundune cikin akwatin.

Tun 2006 Aaron Koblin ya taɓo wannan a aikinsa The Sheep Market. Ya nemi ma'aikatan dandalin su zana masa tunkiya mai kallon hagu a kan santi biyu na dala, ya tara tumaki 10,000, sannan ya riƙa sayar da ashirin a kan dala 20. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ya tsaya a matsayin gardin a bainar jama'a don a gani. A 2018 Crawford da Vladan Joler suka zana wata ƙatuwar taswira, Anatomy of an AI System, da ta bi na'urar Amazon Echo, lasifikar gida mai amsa umarnin murya, ɗaya tak daga ramin haƙar ma'adinai, ta masana'anta da jiragen ruwa da masu laƙabi, har juji. Zancen bai tsufa ba: a Janairun 2023 mujallar TIME ta ruwaito cewa ma'aikata a Nairobi, ta hannun kamfanin Sama, sun yi ta karanta munanan rubuce-rubuce suna tace wa OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, bayanai a kan ƙasa da dala 2 a awa.

Akwai masu fasaha baƙar fata a wannan fage? Me suke cewa?

Akwai, kuma wasu daga ayyuka mafi kaifi nasu ne. Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Ghana ne, tana haɗa wani madubi na fasaha a MIT sai manhajar gane fuska ta ƙi ganin ta har sai da ta sa farin abin rufe fuska. Daga nan binciken Gender Shades ya fito a 2018, tare da Timnit Gebru. Sun gwada manhajojin IBM, Microsoft da Face++ da fuskokin 'yan majalisa na Ruwanda, Senegal, Afirka ta Kudu da ƙasashe uku na arewacin Turai. Kuskure kan maza masu hasken fata bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kan mata masu duhun fata kuwa ya kai kashi 34.7.

Stephanie Dinkins tun 2014 take ziyartar Bina48, mutum-mutumi mai kai da kafaɗu da aka ƙera da kamannin wata baƙar Ba'amurkiya, tana ɗaukar hirarsu a bidiyo. Ta tarar fuskar baƙa ce, amma idan aka zo maganar wariya da tarihin bayi amsoshin ba su da zurfi. Sai ta koma gida ta naɗi hirar mata na zuriya uku a danginta ta horar da nata, Not the Only One. Bayanan ba su da yawa, don haka yakan yi magana a karkace, ita kuma ta bar shi a haka.

Na Mimi Onuoha, 'yar asalin Najeriya da ke Amurka, ya fi kowanne sauƙi: farar durowar ofis cike da fayil-fayil, kowanne da take, ciki kuwa wayam. Sunansa The Library of Missing Datasets, na 2016. Kowane take wani abu ne da ya kamata a ce an ƙirga amma ba wanda ya ƙirga, kamar adadin fararen hula da suka mutu a hannun 'yan sanda. Duk Bahaushen da ya taɓa yi wa manhaja magana da harshensa ta mayar masa da shirme ya san akwai fayil ɗinmu a irin wannan durowa.

Idan na'urar mai fasaha ta karya doka, wa za a kama?

An gwada. A 2014 ƙungiyar !Mediengruppe Bitnik ta Carmen Weisskopf da Domagoj Smoljo ta kafa wata manhaja a zauren baje koli na St. Gallen a Suwizalan, suka ba ta bitcoin na dala 100 kowane mako ta yi sayayya ido rufe a kasuwar ɓoye ta intanet, a aiko kayan zauren. Ta sayo wandon jins na jabu, taba sigari, kwafin fasfo na ƙasar Hungary da ƙwayoyin maye na ecstasy guda 10. Aka jera su a bango. Da aka rufe baje kolin a Janairun 2015 hukuma ta kwashe kwamfutar da kayan. Bayan wata uku aka mayar da komai ban da ƙwayoyin, waɗanda aka lalata, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Masu aikin dai tun farko sun ce alhakin a wuyansu yake. Manhajar ba wata basira gare ta ba, caca kawai take yi, amma tambayar da ta ajiye ita ce ke gaban masu motoci masu tuƙa kansu da masu jiragen yaƙi marasa matuƙi.

Wa ke da aikin: mai umarni, mai manhaja, ko na'urar?

A Oktoban 2018 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da hoton Edmond de Belamy a kan dala 432,500, alhali an yi masa ƙiyasin da bai wuce 10,000 ba. Wasu Faransawa uku masu kiran kansu Obvious ne suka kawo shi, suka sa lissafin manhajar a gurbin sa hannu. Ashe mafi yawan manhajar aikin Robbie Barrat ne, matashi ɗan shekara 19 da ya sake ta kyauta a intanet. Su kuma masu zanen da aka horar da ita da hotunansu 15,000 sun daɗe a kabari. Cewa "na'ura ce ta zana" ya yi wa kasuwa daɗi, ya kuma share sunan mutane da dama.

A ɓangaren doka, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Jason Allen rajista a Satumban 2023, duk da ya ce ya rubuta umarni aƙalla sau 624, bisa hujjar cewa abin da mutum ya ƙirƙira ne kawai ake karewa. Mutum-mutumin Ai-Da, wadda aka sayar da zanenta na masanin kwamfuta Alan Turing a kamfanin gwanjo na Sotheby's kan fiye da dala miliyan ɗaya a Nuwamban 2024, ita ma ayarin mutane ne a bayanta ƙarƙashin dillalin zane Aidan Meller, kuma ba asusunta kuɗin suka shiga ba.

Akwai wanda ya juya abin, mutum ya zama na'ura?

Lauren Lee McCarthy ta yi haka daga 2017 a aikin da ta sa wa sunanta, LAUREN. Takan kafa kyamarori, makirufo da makunnan lantarki a gidan wanda ya yarda, sannan ta kwashe kwanaki tana kallonsa daga nesa dare da rana tana yin aikin Alexa, manhajar Amazon mai amsa umarnin murya a gida: ta kunna fitila, ta sa kiɗa, ta kulle ƙofa, har ta yi ƙoƙarin gane bukatarsa kafin ya furta. Masu gidan sukan tsargu saboda sun san mutum ce ke kallo. Tsarguwar ita ake nema, domin na'urar kamfani ma tana ji, kuma a 2019 aka bayyana cewa ma'aikatan Amazon na sauraron wasu daga muryoyin da Alexa ke naɗa. Duba amsar da ta yi maganar masu laƙabi.

Ba munafunci ba ne a soki na'ura da na'urar kanta?

Zargin yana da ƙamshin gaskiya. An soki Paglen da Crawford cewa sun manna fuskokin mutane a bangon Milan ba da izininsu ba, wato laifin da suke tonawa. Akwai kuma ayyukan da ke ɗauke ido kawai, kamar Unsupervised na Refik Anadol da aka kafa a gidan fasaha na MoMA da ke New York a 2022, ƙaton allo mai narkar da launuka. Jama'a sun yi cincirindo, amma a ganina mutum zai fita bai ƙaru da sanin komai game da injin ba.

Wasu sun nemi hanya mai tsabta. A 2018 Anna Ridler ta ɗauki hoton furen tulip 10,000 da kanta, ta rubuta wa kowanne laƙabi da hannu, ta baje su a bango don a ga yawan wahalar da kalmar "bayanai" ke ɓoyewa. Holly Herndon da Mat Dryhurst sun buɗe shafin Have I Been Trained a 2022 don mai zane ya duba ko an kwashi aikinsa, a 2024 kuma, don baje kolinsu a gidan fasaha na Serpentine da ke Landan, suka zaga Birtaniya suka naɗi ƙungiyoyin mawaƙa 15 da yardarsu, tare da gwada tsarin da zai ba mawaƙan ta cewa kan yadda za a yi amfani da muryoyinsu.

Waɗannan ayyuka sun taɓa canza wani abu kuwa?

Wasu sun taɓa, ko da yake da wuya a ce su kaɗai ne sanadi. Ana tsakiyar hayaniyar ImageNet Roulette masu rumbun suka sanar za su cire hotuna kusan 600,000 daga rukunin mutane, amma sun ce sun riga sun fara wannan gyara tun kafin nan. A 2019 Microsoft ta sauke rumbunta na MS-Celeb-1M, mai hotuna kusan miliyan 10 na mutum 100,000, bayan binciken mai fasaha Adam Harvey ya nuna akwai 'yan jarida da masu fafutuka a ciki. Sai dai kwafin da aka riga aka sauke ya ci gaba da yawo.

A shekarar dai, ƙungiyar Forensic Architecture ta horar da manhaja ta gane gwangwanin barkonon tsohuwa ƙirar Triple-Chaser a cikin hotuna, ta nuna aikin a gidan fasaha na Whitney, inda mai kamfanin da ke ƙera gwangwanin, Warren Kanders, yake mataimakin shugaban amintattu. Bayan watanni ana zanga-zanga, wasu masu fasaha kuma suka ce a cire ayyukansu, ya yi murabus a watan Yuli.

Sai mutum yana da manyan kwamfutoci zai iya irin wannan aiki?

Ko kusa. Durowar Onuoha ba ta bukatar lantarki, hitchBOT kuma bokiti ne. A 2017 James Bridle ya je gefen Dutsen Parnassus a Girka da gishiri, ya zuba da'ira biyu a ƙasa: ta waje mai tsinke-tsinke, ta ciki layi ɗaya bai yanke ba. A dokar titi, mai zuwa daga ɓangaren tsinke-tsinke yana iya tsallakawa, mai zuwa daga ɓangaren layi mara yankewa kuwa an hana shi. Motar da ke tuƙa kanta, mai bin doka sau da ƙafa, za ta shiga da'irar ta kasa fita. Ya kira shi Autonomous Trap 001. Gwaji ne na tunani, hoto da ɗan gajeren bidiyo ne kawai suka rage daga gare shi, kayan aikin kuma mota ɗaya ce da gishirin da za a samu a kowane kanti.